Tuba Ko Tuban Muzuru? Nazari Kan Yadda Muke Yafe Wa Taurari



Wannan rubutu ya samo asali ne daga wani aiki da aka ba mu a kwas ɗin hulɗa da jama'a a zangon karatun da ya wuce. Malaminmu ya ce kowa ya zaɓi wani fitaccen mutum da ya taɓa tafka abin kunya a idon duniya, ya bi diddigin abin da ya faɗa, da abin da ya yi, da yadda mutane suka karɓe shi daga baya. Ni dai da farko na ɗauka aikin cika takarda ne, in samu makina in kama gabana, tunda ga furojet na jirana. Sai da na zauna haɗa bayanai sannan na gane ashe maganar har da ni a ciki. Akwai abin da na aikata a shekarata ta farko a makarantar nan wanda har yau yake cin raina. Zan zo kansa, amma bari mu fara da darasin tukuna.

Tambayar ita ce: idan tauraro ya faɗi, me ke sa mu ɗaga wani mu bar wani a ƙasa? Tubansa muke dubawa, ko kuwa wani abu ne daban?

Abu uku da muke cakuɗawa

Duk lokacin da aka ce "ai an yafe wa wane", abu uku ne aka dunƙule a kalma ɗaya. Rashin rarrabe su ne ke sa musunmu na teburin mai shayi ba ya ƙarewa.

Na farko shi ne yafiyar wanda aka cuta. Wannan haƙƙinsa ne shi kaɗai. Ko mabiya miliyan goma ne suka taru suka ce sun yafe, in shi bai yafe ba, to ba a yi komai ba.

Na biyu shi ne komawa bakin aiki. Wannan hukumomi da ƙungiyoyi da masu kuɗi ne ke yanke shi: kulob ɗin da zai sayi ɗan wasa, furodusan da zai saka jaruma a fim, kamfanin da zai ba da talla. Su galibi lissafin riba da asara suke yi.

Na uku shi ne dawowar mutunci a idon jama'a. Nan ne ni da kai muke da ta cewa, ta hanyar abin da muke kallo, da abin da muke turawa, da sunan da muke kiran mutum da shi a bayan idonsa.

Ga misalin da ya raba ukun nan sarai. Ranar 27 ga Maris, 2022, a bikin ba da kyautar Oscar a Amurka, jarumi Will Smith ya hau dandamali ya sharara wa mai barkwanci Chris Rock mari, saboda ya yi ba'a da askin kan matarsa. Hukumar bikin ta haramta masa halartar tarukanta na tsawon shekara 10. A watan Yuli na shekarar ya fitar da bidiyon ban haƙuri. A 2024 wani sabon fim ɗinsa ya fito ya tara sama da dala miliyan 400 a gidajen sinima. Wato kasuwa ta buɗe masa ƙofa, amma hukuncin hukuma na nan sai 2032, shi kuwa wanda aka mara, a Maris ɗin 2023 ya fito a wani shirin barkwanci na Netflix ya yi masa tatas. To an yafe masa ko ba a yafe ba? Amsar ta dogara ga wanne daga cikin ukun kake nufi.

Dabaru biyar na wanke suna

Wani malamin ilimin sadarwa ɗan Amurka, William Benoit, ya fitar da littafi a 1995 inda ya nuna cewa mutane da kamfanoni, idan sunansu ya ɓaci, kusan duk abin da suke faɗa bai wuce ɗaya daga cikin dabaru biyar ba. 'Yan sashenmu su riƙe wannan da kyau, yana fitowa a jarrabawa. Sauran kuma su riƙe don rayuwa.

1. Musantawa. "Ba ni ba ne", "an yi mini kutse a waya", "haɗa hoton aka yi".
2. Kauce wa alhaki. "Tsokanata aka yi", "ban sani ba", "tsautsayi ne", "niyyata mai kyau ce".
3. Rage munin laifi. A tuna wa mutane alherin da aka yi a baya, ko a ce abin bai kai ya kawo ba, ko a juya kan mai zargi a ce ɗan hassada ne.
4. Gyara ɓarna. A biya wanda aka cuta, a ɗauki matakin da zai hana abin sake faruwa.
5. Amsa laifi da neman gafara, ba kwana-kwana.

Ku lura, uku na farko duk kare kai ne. Biyu na ƙarshe ne kawai ke tuna cewa akwai wani da aka cuta.

Suarez: haƙori da ƙwallaye

Mutumin da na zaɓa a aikina shi ne Luis Suarez, don babu mai zuwa gidan kallo da bai san shi ba. A 2010, yana Ajax, ya ciji Otman Bakkal na PSV, aka dakatar da shi wasa 7. A 2011, yana Liverpool, hukumar ƙwallon Ingila ta same shi da laifin yi wa Patrice Evra kalaman wariyar launin fata, aka ba shi wasa 8. A 2013 ya ciji Branislav Ivanovic na Chelsea, wasa 10. Sannan ranar 24 ga Yuni, 2014, a gasar cin kofin duniya a Brazil, ya gantsara wa Giorgio Chiellini na Italiya cizo a kafaɗa, duniya na kallo.

Yanzu mu ɗora dabarun Benoit a kai. Da farko ya shaida wa FIFA cewa tuntuɓe ya yi ya faɗa kan abokin karawarsa, fuskarsa ta bugi kafaɗarsa. Dabara ta ɗaya da ta biyu ke nan. Magoya bayansa a Uruguay, har da shugaban ƙasar na lokacin, José Mujica, suka yi ca a kan FIFA. Dabara ta uku. FIFA ta dakatar da shi wata 4 daga duk harkar ƙwallo, da wasan ƙasa 9. Sai ranar 30 ga Yuni, kwana shida bayan cizon, ya fito ya amsa, ya ba Chiellini haƙuri, ya yi alƙawarin ba zai ƙara ba. Chiellini ya amsa masa cewa komai ya wuce. Ba a yi mako biyu ba Barcelona ta sanar da sayensa. Masu sharhi da dama a lokacin sun ce cinikin ne ya jawo ban haƙurin.

Me ya biyo baya? A 2015 ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai, Barcelona ta doke Juventus 3 da 1 a Berlin. A kakar 2015/2016 ya ci ƙwallo 40 a La Liga. Daga nan maganar cizo ta koma abin barkwanci. In za a yi adalci, tun daga 2014 ba a sake hukunta shi kan cizo ba, kuma wanda ya ciza ya yafe da bakinsa. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: da a ce ya je Barcelona ya kasa taɓuka komai, wa zai tuna da ban haƙurinsa? Ƙwallayen ne suka wanke shi.

Je ka tambayi ɗan Ghana ka ji. Ranar 2 ga Yuli, 2010, a Johannesburg, a mintin ƙarshe na ƙarin lokaci, Suarez ya sa hannu ya tare ƙwallon da za ta kai Ghana wasan kusa da na ƙarshe, matakin da babu ƙasar Afirka da ta taɓa kaiwa a lokacin. Aka ba shi jan kati, Asamoah Gyan ya buga fenareti ta daki ƙarfe, Uruguay ta wuce. A 2022 a Qatar aka tambaye shi ko zai ba da haƙuri, ya ce a'a, ai an hukunta shi, kuma ba shi ya zubar da fenaretin ba. Mutum ɗaya ne fa. Ɗan Barca ya yafe masa tuntuni, mutanen Accra da Kumasi kuwa har gobe. Ashe rigar da ka sa ita ke gaya maka wanda za ka yafe wa.

Wanda bai dawo ba, da wanda ya sake rubuta labarinsa

Kwatanta shi da Lance Armstrong, ɗan tseren keken Amurka da ya warke daga ciwon daji ya zo ya ci gasar Tour de France sau 7 a jere, daga 1999 zuwa 2005. A 2012 aka ƙwace duka bakwai ɗin aka kore shi daga wasan har abada saboda amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari. A Janairun 2013 ya zauna da Oprah Winfrey a talabijin ya amsa laifinsa. Amma mutuncinsa bai dawo yadda yake ba. Dalili uku nake gani. Ya yi shekaru yana musantawa, yana kai ƙarar waɗanda suka faɗi gaskiya a kansa, yana ɓata musu suna. Sannan abin da ya sa aka so shi, wato nasarar, shi ne ainihin ƙaryar. Na uku kuma, lokacin da ya amsa ya riga ya yi ritaya daga tseren keke, ba shi da sauran abin da zai ba 'yan kallo.

Mu masoya fim ɗin Indiya kuma mun san Sanjay Dutt. An kama shi a 1993 bayan hare-haren bam na Bombay da suka kashe mutum 257. Kotu ta wanke shi daga tuhumar ta'addanci, amma ta same shi da laifin mallakar makamai ba bisa ƙa'ida ba. A 2013 kotun ƙolin Indiya ta tsayar da hukuncinsa a shekara 5, ya fito a Fabrairun 2016. A 2018 aka yi fim ɗin rayuwarsa mai suna Sanju, Ranbir Kapoor ya fito a matsayinsa, fim ɗin ya yi kasuwa sosai, kodayake masu sharhi da yawa sun ce wankin suna ne. Shi dai ya yi zaman gidan yarinsa, wannan ba musu. Amma mutum nawa ne ke fitowa daga gidan yari ya tarar da babban darakta na jiran ya ba duniya labarinsa ta ɓangaren da ya fi masa kyau?

In muka haɗa waɗannan, za mu ga cewa a aikace abu uku ke saya wa tauraro dama ta biyu: amfanin da har yanzu ake samu da shi, da ƙarfin masu tsaya masa, da wucewar lokaci. Ingancin tuban kansa sau da yawa shi ne na ƙarshe a layi.

Mu dawo gida

A Kannywood ma an sha yi. A 2007, lokacin ko firamare ban shiga ba, wani bidiyon sirri na wata jaruma, da aka ɗauka da wayar hannu, ya fita ya bazu. Da gangan ba zan ambaci sunanta ba, don ta bar harkar tuntuni ta kama rayuwarta. Abin ya girgiza masana'antar gaba ɗaya: aka kori wasu 'yan wasa, gwamnatin Kano ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tace finafinai, aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni. Ita aka fi zagi, ita aka yi wa waƙa da huɗuba. Wanda ya fitar da bidiyon, da dubban da suka yi ta tura wa juna ta Bluetooth, babu wanda ya tsayar da su a gaban jama'a. Abin mamaki kuma, yayyenmu suna ba da labarin yadda daga baya direbobin bas da 'yan acaɓa suka riƙa liƙa hotonta a ababen hawansu. Al'umma ɗaya ce, tana tsinewa tana kuma tausayawa a lokaci guda.

A Oktoban 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga masana'antar saboda fitowa da ta yi a bidiyon waƙa tare da mawaƙi ClassiQ, inda aka gan su suna rungumar juna. Mutum biyu ne a bidiyon, amma a kanta guguwar ta sauka. Ta ba da haƙuri, a 2017 ta rubuta wa ƙungiyar takardar neman afuwa, a Janairun 2018 aka ɗage korar. A Nuwamban 2020 kuma ta saka wasu hotuna da suka jawo suka, wani mutum ya shigo wurin sharhi ya yi ɓatanci ga Manzon Allah (SAW). Ta cire hotunan, ta barranta kanta da kalaman, ta fito a bidiyo tana kuka tana neman gafara.

Ba na zo in ce al'umma ba ta da ikon kare tarbiyyarta ba ne, kuma kowace ƙungiya na da dokokinta. Tambayoyina biyu ne. Na farko, shin ma'auni ɗaya muke auna namiji da mace da shi? Duk wanda ke bibiyar harkar ya san amsa. Namiji in ya yi ta ɓaci sai a ce ƙuruciya ce, ko sharrin shaiɗan. Mace kuwa sai a bi ta da abin har ɗakin aurenta, har 'ya'yanta. Na biyu, in mutum ya ba da haƙuri, hukumar da ta hukunta shi ta ce ta yafe, mu da muke bin kowane sabon hotonsa muna tono tsohon zance, wane hukunci muke zartarwa, kuma yaushe zai ƙare?

Akwai kuma bambancin da ya kamata mu riƙe da kyau. Wanda ya cuci wani daban, wanda aka tona wa asiri daban. Wanda ya daki mutum, ko ya ci kuɗin jama'a, ko ya yi ƙarya ya ɓata sunan wani, akwai mai haƙƙi a kansa. Wanda aka sace masa abin da ya ɓoye a wayarsa aka watsa, ko da abin da ke ciki kuskure ne tsakaninsa da Ubangijinsa, a wannan watsawar shi ne aka zalunta. A darasin dokokin aikin jarida an koya mana cewa sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa na waya. Amma kullum sai mu bar ɓarawon mu kama mai kaya.

Ma'aunin da muka taso da shi

Tun kafin Benoit, da yawanmu mun karanta sharuɗɗan tuba a Islamiyya, kamar yadda Imam Nawawi ya kawo su a Riyadus Salihin: mutum ya daina laifin, ya yi nadama, ya ƙudurta ba zai koma ba, in kuma akwai haƙƙin wani a ciki ya mayar masa ko ya nemi yafiyarsa. Abokan karatuna Kirista kuma sun tuna mini labarin Zakka mai karɓar haraji, wanda da ya tuba ya yi alƙawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Ka ga a nan babu gurbin musantawa, babu gurbin "tsokanata aka yi". Wanda ya ce ya tuba alhali bai saki abin ba, shi Bahaushe ke ce wa tuban muzuru, kaza a baki.

Wannan ma'aunin bai tsaya kan mai laifi kaɗai ba, yana da abin da yake buƙata daga jama'a. Ni ba malami ba ne, kuma ba ina haɗa sahabi da 'yan fim ba ne, amma akwai darasi a ƙissar Ka'abu bin Malik (RA), wanda shahararren mawaƙi ne a Madina. Bai fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan hijira, ba tare da uzuri ba. Da aka dawo, mutum tamanin da wani abu suka zo da uzurorinsu. Shi ya faɗi gaskiya, cewa ba shi da wani uzuri. Aka ƙaurace masa, shi da wasu sahabbai biyu, har kwana 50, babu mai yi musu magana. Cikin wannan hali sarkin Gassan ya aiko masa da takarda yana kiransa ya koma wurinsa, ya jefa ta a wuta. Da aka saukar da karɓar tubansu a Suratut Tauba, mutane suka riƙa zuwa jama'a-jama'a suna taya shi murna. Ɗalha bin Ubaidullah (RA) ya miƙe da sauri ya ba shi hannu, abin da Ka'abu bai taɓa mantawa ba.

Dubi tsarin. Laifin an kira shi da sunansa. Hukuncin ya yi zafi. Amma yana da ranar ƙarewa, kuma da ya ƙare ba wanda ya ci gaba da goranta masa. Mu a kafafen sada zumunta mun iya ƙauracewar, mun manta da miƙa hannun.

Tambayoyi biyar kafin ka yanke hukunci

Ga abin da na fito da shi daga nazarin. In wani fitacce ya yi ta ɓaci, ko ya dawo yana neman a karɓe shi, tambayi kanka:

Ɗaya, wa aka cuta, kuma shi me ya ce? In akwai mai haƙƙi, kada ka riga shi yafewa. In kuma ya yafe, kada ka fi shi zafi.

Biyu, ya kira laifin da sunansa? "In akwai wanda ransa ya ɓaci ya yi haƙuri" ba ban haƙuri ba ne, ɗora laifin ne a kan mai jin haushi.

Uku, yaushe ya yi maganar? Kafin a ritsa shi, ko sai da talla ta fara suɓucewa?

Huɗu, me ya biya, me ya gyara? Hawaye a gaban kyamara ba su da tsada.

Biyar, ya ƙara? Wannan lokaci ne kaɗai ke amsa ta, shi ya sa ba a gaggawar yabo, ba a kuma rufe ƙofa.

Sai ƙarin bayani ɗaya: dama ta biyu ba ta nufin kujera ta farko. Ma'ajin ƙungiya in ya ci kuɗi ya tuba, a yafe masa, a ci abinci tare, a yi masa sallama, amma ba dole a sake damƙa masa jakar kuɗi ba sai ya nuna ya canza. Yafiya kyauta ce, amana kuwa sai an sake gina ta.

Nawa laifin

To, ga abin da na ce zan zo kansa. A shekararmu ta farko akwai wata ɗaliba da ta yi suna a harabar nan da gajerun bidiyon barkwanci a TikTok. Ita ce tauraruwarmu, duk taron da za a yi sai an nemo ta. Wata rana da misalin sha ɗaya na dare, ina kwance a hostal, wani bidiyo ya shigo wayata. Ita ce a ɗaki tare da ƙawayenta mata, ana bikin zagayowar ranar haihuwa, tana rawa ba mayafi. Wata daga cikinsu ce ta ɗauka, daga nan ya zame ya fita. Wallahi ko daƙiƙa biyar ban yi tunani ba, na tura shi guruf ɗin ajinmu na WhatsApp, mai mutum sama da ɗari, har da alamar dariya.

Kafin kwana biyu an laƙa mata suna. In za ta wuce zuwa lakca sai a yi ta fito ana shewa. Labari ya kai gidansu. Ta rufe shafinta, ta daina zuwa aji, ƙarshe ta jingine karatun, shekara guda ta tafi a banza. A cikin makon nan fa ni ne a gidan kallo ina ɗaga murya ina cewa a ƙyale Suarez haka, ai mutum tara yake bai cika goma ba. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wani.

Da na zo rubuta aikin malam, na jera dabarun Benoit a takarda, sai na ga ashe uku na farko duk na yi amfani da su a kaina. "Ai ba ni na ɗauka ba." "Ai kowa ma ya tura." "Ai wasa ne, kuma ita ta jawo." Na huɗu da na biyar ne kawai ban taɓa gwadawa ba.

Ta dawo a bana tana maimaita aji. Na yi mako biyu ina jan ƙafa kafin na tare ta a bakin laburare. Na ce, "Malama, don Allah minti biyu." Na gaya mata ni ne na fara tura bidiyon a ajinmu, na ce na zalunce ta, ba ni da wani uzuri. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Malam, na ji." Ta wuce. Ba ta ce ta yafe ba, kuma ba ni da bakin cewa sai ta yafe. A daren na rubuta a guruf ɗin nan dai da na tura bidiyon cewa abin da na yi kuskure ne, duk mai shi a waya ya goge. Wasu suka ce sannu ustaz, wasu suka yi shiru, mutum biyu suka biyo ni ta gefe suka ce su ma abin na damunsu. Kafin in kai wannan rubutu ga editan mujalla na sake aika mata ta hannun ƙawarta. Ta ce in rubuta, amma ban da sunanta da sashenta.

Shekarar da ta rasa ba zan iya mayar mata ba. Abin da zan iya shi ne in roƙe ku, musamman ƙannenmu sababbin shiga: ranar da irin wannan bidiyon ya shigo wayarka, ka tuna cewa a lokacin kai ne hukumar, kai ne ɗan jaridar, kai ne gidan kallon. Rangwamen da kake yi wa ɗan wasan da bai san da zamanka ba don yana ci maka ƙwallo, wadda kuke zama benci ɗaya da ita ta fi shi cancanta. In kuma kana cikin waɗanda suka yi shewar nan a bara, ka san ta, ka san inda take zama a aji. Sallama kawai ma wani abu ce.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke tafe. Amin.